Babi na Bakwai: Yaro Ya Bugu a Ka

Kan jariri sabon haihuwa ya kai kusan kashi ɗaya cikin huɗu na tsawon jikinsa, alhali na baligi bai wuce ɗaya cikin takwas ba. Ga wuya bai yi ƙwari ba, ga ƙafa ba ta gama sanin ƙasa ba. Shi ya sa in ƙaramin yaro ya faɗo, daga gado ne, daga goyon yayarsa ne, ko daga kan dakali, kan ne yake riga sauran jiki isa ƙasa. Galibi abin ba ya wuce kuka da ƙululu a goshi. A rarrashe shi, a ba shi nono ko ruwa, kafin hankalin uwa ya gama kwanciya shi har ya koma wasansa.

Duk da haka, tsoron da yake kama iyaye yana da tushe. A gefen kai, tsakanin ido da kunne, ƙashin ba shi da kauri, kuma akwai wata jijiyar jini da ta bi ta ƙarƙashinsa. In ƙashin ya tsage ya yanke ta, sai jini ya riƙa taruwa tsakanin ƙoƙon kai da tantanin da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa. Ƙoƙon kai kuwa rufaffe ne, jinin ba shi da mafita, don haka ƙwaƙwalwar yake dannewa. Muguntar wannan rauni ita ce yakan ba da rata. Wanda ya bugu zai iya tashi ya kakkaɓe jikinsa, ya yi magana, ya yi dariya, sai bayan awa ɗaya ko 'yan awoyi ciwon kai ya taso, amai ya biyo baya, barci mai nauyi ya ɗauke shi. In likitan tiyata ya riski abin da wuri, ya buɗe ƙashin ya kwashe jinin, sau da yawa mutum yakan warke sarai. In an makara kuwa, sai wani ikon Allah.

A watan Maris na 2009, 'yar fim ɗin Ingila Natasha Richardson ta faɗi tana koyon zamiya a kan dusar ƙanƙara a Mont Tremblant, cikin lardin Quebec na Kanada. Ta tashi lafiya lau a ganin kowa, har ta ce ba sai an duba ta ba. Bayan kamar awa ɗaya kai ya fara sara mata. Kwana biyu da faɗuwar ta rasu a wani asibiti a New York tana da shekara 45, kuma irin wannan taruwar jini ce ajalinta. Ita ba yarinya ba ce, amma a zukatan iyaye labarin ya sauka. A makon da ya biyo baya, iyaye suka yi ta tururuwa da 'ya'yansu zuwa asibitin yara na Montreal fiye da yadda aka saba gani.

Abin da irin waɗannan iyaye suke nema shi ne hoto, don gani ya kori ji. Kuma hoton yana nan. Tun ranar 1 ga Oktoba, 1971, a asibitin Atkinson Morley da ke Wimbledon a Landan, aka kwantar da wata mata a na'urar da injiniya Godfrey Hounsfield na kamfanin EMI ya ƙera, aka ga cikin ƙwaƙwalwarta ba tare da an tsaga kanta ba. Kafin nan, hoton eksire ƙashi kawai yake nunawa. Ita wannan na'ura ta CT hasken eksire ɗin ne dai take harbawa, amma tana zagaya kai da shi, kwamfuta ta tattara abin da ya ratsa ta fitar da hotuna fala-fala, kamar an yayyanka burodi ana duba kowane yanki. Sabon jini yakan fito fari tas a jikin toka-tokar ƙwaƙwalwa, ba ya ɓuya. Hounsfield da Allan Cormack sun sami kyautar Nobel a 1979 saboda wannan aiki, kuma sun cancanta. Yau cikin 'yan daƙiƙoƙi ake gama ɗaukar kai gaba ɗaya, kuma ga yaron da aka kawo a sume babu wani abin da ya kama ƙafarta.

Matsalar ta taso ne daga yaron da aka kawo yana tafiya da ƙafarsa. A Amurka, inda na'urar take 'yan taku kaɗan daga ɗakin likita, abubuwa suka haɗu: uwa tana tsoro, likita yana tsoron ya sallami yaro a dawo da shi ranga-ranga, yana kuma tsoron kotu. Hanya mafi sauƙi ga kowa ita ce a tura yaron hoto. Haka aka yi ta yi shekara da shekaru.

A 2001 David Brenner na Jami'ar Columbia da abokan aikinsa suka buga wani lissafi da ya girgiza likitocin yara. Sun ɗauki abin da aka sani game da waɗanda suka tsira daga bam ɗin Hiroshima da Nagasaki, suka ƙiyasta cewa daga cikin hotunan CT na kai da na ciki kusan 600,000 da ake yi wa yara 'yan ƙasa da shekara 15 a Amurka duk shekara, wajen mutum 500 za su iya mutuwa da ciwon daji nan gaba sakamakon hasken da ya ratsa su. Dalilin da ya sa yaro ya fi babba shiga haɗari a fili yake. Jikinsa yana kan girma, ƙwayoyin halittarsa suna ta rarrabuwa, kuma a lokacin rarrabuwar ne hasken ya fi yi musu illa. Sannan yana da shekaru masu yawa a gaba da cutar za ta samu ta bayyana. Ƙari a kan haka, a wancan zamani asibitoci da yawa da ƙarfin hasken da ake yi wa manya suke ɗaukar yara.

Wannan ƙiyasi ne, kuma an yi ta jayayya a kansa, har 2012 lokacin da Mark Pearce na Jami'ar Newcastle da tawagarsa suka bi diddigin mutane na gaske. Sun tattara bayanan sama da mutum 170,000 a Birtaniya waɗanda aka yi wa CT kafin su kai shekara 22, tsakanin 1985 da 2002, suka duba su wa suka kamu da sankarar jini ko ƙari a ƙwaƙwalwa. Sakamakon da suka buga a mujallar Lancet ya nuna cewa gwargwadon yawan hasken da yaro ya sha, gwargwadon ƙaruwar haɗarin. In aka mayar da shi lissafin yau da kullum, a cikin yara 'yan ƙasa da shekara 10 guda 10,000 da aka yi wa hoton kai, za a samu ƙarin mutum ɗaya mai sankarar jini da ƙarin mutum ɗaya mai ƙarin ƙwaƙwalwa cikin shekara 10. Masu suka sun ce wataƙila wasu yaran dama suna ɗauke da cutar ne, ita ce ma ta sa aka kai su hoton. Sukar tana da ma'ana. Amma wani babban bincike da ya biyo baya a ƙasashen Turai 9, wanda ya ƙunshi yara da matasa sama da 650,000, ya sake faɗawa kusa da wannan adadi: kamar ciwon dajin ƙwaƙwalwa ɗaya a cikin yara 10,000.

Ɗaya cikin dubu goma ba abin firgita ba ne, kuma na'urorin yanzu sun rage haske sosai. Duk uwar da aka riga aka yi wa ɗanta hoto kada ta hana kanta barci. In yaro yana da alamar da ta nuna akwai haɗarin jini a kansa, wannan ɗan ƙaramin adadi bai isa a ko ambace shi ba, a yi hoton kawai. Inda lissafin yake juyawa shi ne yaron da haɗarin raunin nasa ya yi ƙasa ƙwarai, har ya zama hoton ba abin da zai ƙara masa sai hasken. Ga kuma wasu wahalhalun: ƙaramin yaro ba ya kwanciya shiru, wani lokaci sai an ba shi maganin barci, shi ma da nasa haɗarin. Sannan hoton yakan tono wani abu daban da bai shafi faɗuwar ba, wata 'yar jakar ruwa da aka haifi yaro da ita, wadda da ba a gani ba da har ya tsufa ba ta dame shi ba, amma yanzu ta jefa gida cikin zullumi da zirga-zirgar asibiti.

To yaya za a bambance yaron da yake buƙata da wanda ba ya buƙata? Amsa mafi ƙarfi da ake da ita ta fito ne a 2009, shekarar da Richardson ta rasu. Wata ƙungiyar asibitocin gaggawa na yara a Amurka mai suna PECARN, ƙarƙashin jagorancin Nathan Kuppermann na Jami'ar California a Davis, ta tattara yara 42,412 daga asibitoci 25 tsakanin 2004 da 2006. Dukkansu sun bugu a ka, kuma dukkansu sun zo cikin hayyacinsu ko kusa da haka, wato maki 14 ko 15 a ma'aunin Glasgow, wanda Graham Teasdale da Bryan Jennett suka fito da shi a 1974 don auna yadda majinyaci yake buɗe ido, da yadda yake magana, da yadda yake motsi. An yi wa yara 14,969 hoton CT, sama da ɗaya cikin uku. Waɗanda aka samu da raunin ƙwaƙwalwa mai muhimmanci, irin wanda ya kai ga tiyata, ko dogon taimakon numfashi, ko kwanciyar dare biyu zuwa sama, su 376 ne, ƙasa da ɗaya cikin ɗari. Waɗanda aka yi wa tiyata su 60 ne kacal.

Daga wannan tarin bayani suka tace alamomi shida ga 'yan ƙasa da shekara biyu, shida kuma ga waɗanda suka haura. Ga wanda ya kai shekara biyu, ana duba ko hankalinsa ya gushe ko ya sauya, kamar ya riƙa maimaita tambaya ɗaya ko jinkirin amsawa. Ko akwai alamar karaya a gindin ƙoƙon kai. Ko ya suma. Ko ya yi amai. Ko kansa yana ciwo mai tsanani. Sai kuma yadda abin ya faru, wato ko ya faɗo daga sama da mita ɗaya da rabi, ko abin hawa mai inji ya kaɗe shi yana tafe a ƙasa ko a kan keke ba hular kwano, ko mota ta wuntsila da shi, ko wani abu mai ƙarfi ya doke shi a ka. A rukunin da aka gwada ƙa'idar a kansu, yara 3,800 ba su da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Biyu ne kawai a cikinsu aka samu da rauni mai muhimmanci, kuma babu wanda ya kai ga tiyata.

Jarirai ba sa iya cewa kansu na ciwo, kuma amai ko tumbiɗi abin kullum ne a wurinsu, don haka nasu alamomin sun ɗan bambanta. Likita zai bi fatar kai da yatsunsa a hankali, yana laluben wurin da ƙashi ya lotsa ko ya tsage, ya kuma duba ko hankalin yaron ya sauya. Zai duba inda ƙululun yake, don na goshi ba shi da tayar da hankali, ƙashin wurin yana da kauri, amma kumburi mai taushi a gefen kai ko a ƙeya sau da yawa karaya ce a ƙarƙashinsa. Zai tambayi ko yaron ya ɗauke na daƙiƙa biyar zuwa sama, ya kuma nemi a nuna masa da hannu tsawon inda ya faɗo, don a wannan shekaru abin da ya haura santimita 90 ya shiga lissafi. Alama ta shida ita ce ta fi burge ni a duk binciken: ko iyaye suna ganin yaron yana yadda ya saba. Likita bai taɓa ganin wannan yaro ba sai yau. Bai san yadda yake kama nono ba, bai san irin kukansa ba, bai san ko mai ƙiwa ne ko mai sakin jiki da baƙi ba. Uwa ta sani. In ta ce, "Likita, ba haka yake ba," to maganarta ta shiga ma'auni daidai da abin da yatsun likita suka ji, kuma alƙaluma ne suka ba ta wannan matsayi. Jarirai 1,176 a rukunin gwaji ba su da ko ɗaya daga cikin alamomin shida, kuma ba a samu rauni mai muhimmanci a ko ɗayansu ba.

Gefe biyu na ƙa'idar a bayyane suke. Wanda hankalinsa ya sauya ko yake da alamar karaya, haɗarinsa ya haura huɗu cikin ɗari, a yi masa hoto. Wanda ba shi da ko alama ɗaya, a sallame shi. Wajen ɗaya cikin biyar zuwa ɗaya cikin huɗu na hotunan da aka yi a binciken, irin waɗannan yara aka yi wa.

Na tsakiya ne masu wuya, kuma suna da yawa: yaron da ya yi amai, ko ya ɗan suma ya farfaɗo, ko ya faɗo daga wuri mai tsawo, amma ga shi zaune yana kallon likita. Haɗarinsu a jumlace bai kai ɗaya cikin ɗari ba, kuma in alamar ɗaya ce tak yakan yi ƙasa da haka. Cikin yara 815 da amai ne kaɗai alamarsu, biyu ne aka samu da rauni mai muhimmanci. A nan masu binciken ba su yanke hukunci ba, sun bar wa likita da iyaye zaɓi tsakanin hoto da sa ido, kuma a ganina sun yi gaskiya da suka tsaya a nan. Sa ido ba zaman banza ba ne. Ana ajiye yaron awa huɗu zuwa shida daga lokacin da ya bugu, nas tana zuwa tana haska masa ido ta ga ko baƙin idon biyu suna tsukewa daidai, tana tambayarsa sunansa da na wanda ya kawo shi, tana ba shi ruwa ta ga ko zai zauna. Jinin da ke taruwa ba ya tsayawa wuri ɗaya, don haka mai shi ƙara lalacewa yake yi. Wanda kuwa buguwa ce kawai, bayan awa uku za ka same shi yana neman abinci yana jan wayar babansa. Ƙa'idar Birtaniya ma ta tanadi sa ido na aƙalla awa huɗu ga yaro mai alama ɗaya daga cikin ƙananan alamomi. A Ostireliya da New Zealand, wani bincike na 2017 a kan yara 20,137 ya tabbatar da ingancin ƙa'idar PECARN, a asibitocin da kusan yaro ɗaya cikin goma kawai ake yi wa hoto. Jaririn da bai kai wata uku ba shi kam ba a ja da nisa da shi, don alamominsa ba sa fitowa sosai.

Akwai abin da hoton ba ya gani ko an yi shi. Girgizar ƙwaƙwalwa, wadda take sa jiri da ciwon kai da mantuwa da ƙin haske, ba ta fitowa a CT. Hoto zai fito fes, yaro kuma yana fama. Maganinta hutun kwana ɗaya ko biyu, sannan a koma makaranta sannu a hankali, a kuma hana shi ƙwallo da dambe da hawa sama har sai alamomin sun tafi, don buguwa ta biyu kafin ta farko ta warke ita ce abin gudu. Akasarin yara sukan warware cikin mako biyu zuwa huɗu.

Duk wannan ƙa'ida a kan labarin gaskiya aka gina ta. Yarinya 'yar shekara tara da ƙaninta ya suɓuce daga bayanta, in ta san duka ne zai biyo baya, cewa za ta yi daga zaune ya kife, ko ma ta yi shiru sai da dare a ga kumburi. Wanda ya tambaye ta da lalama, ya tabbatar mata ba abin da za a yi mata, ya taimaki jaririn fiye da yadda yake zato. Haka kuma in raunin jariri bai yi daidai da labarin da aka bayar ba, likita ba ya bin wannan lissafi, hoto yake nema, don akwai yaran da manya ne suke jijjiga su ko su buga su. Yaron da jininsa ba ya daskarewa da wuri shi ma ba ya cikin lissafin.

A ƙasar Hausa matsalar ta sha bamban da ta Amurka. Na'urar CT tana manyan asibitoci ne irin su Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, da na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika, da na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, sai wasu cibiyoyin kuɗi a birane, kuma galibi daga aljihu ake biya. Sanin waɗannan alamomi zai hana uba sayar da akuyarsa don hoton da ɗansa ba ya buƙata. Zai kuma hana shi ruɗuwa da hoton eksire na ƙoƙon kai, wanda ya fi araha amma ba ya nuna ƙwaƙwalwa: ƙashi zai iya fitowa lafiya jini yana taruwa a ciki. Sai dai abin da ya fi damuna shi ne ɗaya gefen. Yaron da babur ko Keke Napep ya kaɗe a hanyar makarantar allo, da wanda reshen mangwaro ya karye da shi, da wanda ya faɗo daga katanga, duk sun riga sun fita daga rukunin da ake cewa a koma gida ba damuwa, ko da sun tashi da ƙafarsu. Da yawansu ba sa ganin likita. A shafa man zafi, a sayo farasitamol a kemis, a ce ya kwanta ya huta.

Kalmar "ku koma gida, in kun ga canji ku dawo" an yi ta ne a ƙasar da dawowar ba ta wuce tafiyar mintoci a mota, ko a buga waya motar asibiti ta zo. Ga mutumin da ƙauyensa yake bayan rafi, kuma ba a samun abin hawa bayan isha'i, maganar ba ɗaya ba ce. Likitan da ya san aikinsa a nan yakan ƙara tambayar da ba ta cikin shidan.

"Likita, ba za a yi masa hoton ba?"

"Baba, yanzu dai ban ga abin da zai sa a yi ba. Amma daga ina kuka zo? In ya rikice cikin dare, da me za ku kawo shi?"

In amsar ba ta gamsar ba, gara yaron ya kwana a asibitin, ko a gidan wani ɗan'uwa da ke kusa. Ba a hana shi barci, barcin ba ya cutar da shi. Abin dubawa shi ne in an tashe shi ya tashi, ya gane mutane, ya yi magana yadda ya saba. Amai da ya ƙi tsayawa, ciwon kai mai ƙaruwa, barcin da ba a iya tashinsa, jijjiga, tangaɗi ko mutuwar hannu ko ƙafa, baƙin ido ɗaya ya fi ɗaya buɗewa, ruwa garai-garai ko jini daga kunne ko hanci, jaririn da ya ƙi nono ko ya ƙi daina kuka, kowanne ɗaya daga cikinsu ya isa a kama hanya nan take, ba a jiran gari ya waye. Tun da rana ya kamata uban ya tambayi likita wane asibiti ne mafi kusa da yake da na'ura mai aiki da kuma likitan tiyatar ƙwaƙwalwa, don ba ko'ina ake samun biyun a wuri ɗaya ba, ya karɓi takardar turawa ya ajiye a aljihu, ya kuma yi magana da direban da zai ɗaga waya ko da ƙarfe biyun dare ne.